Ragowar Gwate

Marin ya sauka a kuncin Madam Irene tun ba ta ajiye cokali ba.

Gwamnati ce ta turo ta duba wani gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa a Kafanchan. Ta tarar da komai tsaf. Ta ɗanɗana gwaten accan da ake ba su, ta ture kwanon. Laifinta ke nan.

Wanda ya mare ta, Abednego, wani ƙato mai hankalin yara cikin waɗanda ake kula da su, ya shaƙe ta, ya danna mata cokali a baki har leɓenta ya fashe.

"Yesu!" Mama Jacinta, shugabar gidan, ta ƙwala ihu. "Madam, yi haƙuri! Mu nan ko tsawa ba ma yi musu. Ina ya koyo wannan?"

Abednego ya maƙe murya, sak ta Mama Jacinta. "Cinye, dabba! Ko in ɗauko igiya?"

Sannan ya goge wa Irene jinin da bakin rigarsa, a hankali.

"Share hawayen nan," in ji shi da muryar nan dai. "Baƙuwa za ta zo yau. Kowa ya yi murmushi."

Irene ta waiwaya. Duk na kan teburin murmushi suke yi.