Ɗakuna Uku a Aljihun Baba

Ina aji biyar a Wara malamin aikin hannu ya ce kowa ya yi hoton tafki da yankakkun takardu, a liƙa wata bisa wata. Da la'asar na baje kayana a zaure: almakashin Inna, ƙaro, takardar siminti ta yin tsaunuka, da shuɗin kwalin sukari na yin ruwa.

Baba yana gefe yana ɗinkin tarun kamun kifi. Ya ajiye, ya ɗauki almakashin, ya yanko 'yan ɗakuna uku da itacen tsamiya. Tsohon garinmu ne, wanda ruwa ya cinye da aka yi madatsar Kainji.

"Fara liƙa waɗannan, sannan ka rufe su da ruwan," in ji shi.

"Wa zai gani? Sai dai su sa ruwan ya yi tudu. Baba, kai fa ba ka yi boko ba."

Ya tsince ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ya sa a aljihu, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da na girma na zaga ƙasashe, na tsaya gaban ayyukan gwanayen zane, ban ga wanda ya yi tunanin da Baba ya yi ba. Har yau in kwalekwale ya kai ni tsakiyar tafkin nan, ba na iya leƙa ruwan.