Fuskar da ke Jikin Bangon Lakwal

Duk ranar kasuwar Dakoro, da Lalla ta sayar da cukunta, sai ta doshi lakwal, wato makarantar boko. Ba karatu ke kai ta ba, don ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Majigi take zuwa gani.

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa ne kumandan, Baturen mulkin garin, ya sa aka ajiye injin majigi a ɗakin littattafan lakwal, tare da 'yan fayafai, wai don manyan ɗalibai su ga duniya su kuma koyi sarrafa injin. Akan toshe tagogi da barguna da rana tsaka, a haska farin bango. Yawancin fayafan a kan noman gyaɗa suke, sai ka ce mutanen Maraɗi jiran Nasara suke ya koya musu. Amma akwai ɗaya na sojoji baƙaƙe suna hawa jirgin ruwa za su yaƙin Indoshin, can gabas mai nisa.

A cikin wannan ne wani saurayi ke waiwayowa, ya yi dariya, wushiryarsa ta bayyana, ya wuce. Ƙiftawar ido ce kawai. Agali ne, ɗan farin Lalla.

Abin da ke cin ranta shi ne kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi sosai ba, don abin da ta ga uwarta ta yi ke nan. Tana cewa a ranta akwai lokaci. Fuskar nan kuwa ta tafi yaƙi ba ta dawo ba. Sai a duhun ɗakin nan, inda babu mai ganin idonta, take kallonta son ranta.

Mai kula da injin tsohon soja ne, dogo, kullum amawalinsa a ɗaure har ƙarƙashin idanu, abin da ba baƙo ba ne a Dakoro. Ba ya son magana. Da ɗalibai sun fita sai ya ɗora faifan sojojin ba tare da an roƙe shi ba, ya juya baya ga bangon. Ita ma ba ta ce masa komai. Takan ajiye masa ƙwaryar fura gefen injin, ta zauna.

Ranan sai Mushe Sa'adu, wato Malam Sa'adu, shugaban lakwal, ya tare ta a ƙofa. Ya ce umarni ya zo a mayar da tsofaffin fayafai Yamai a kawo sababbi, gobe motar da za ta kai su za ta tashi. Lalla ta durƙusa, ta ce a ɗauki raƙumarta a bar mata faifan. Mushe ya sunkuyar da kai, ya ce kayan gwamnati ne, ba shi da iko. Abin da zai iya kawai, ta shiga ta gani na ƙarshe.

Aka haska. Jirgi ya zo, sojoji suka hau, Agali ya waiwayo, ya wuce. Zuciyarta ta karye. Ba ta ƙoshi ba, kuma ta san ba za ta ƙoshi ba har abada. Ta yi magana tana fuskantar bango, kamar da shi take.

"Da za a tsai da shi kaɗan, in gan shi da kyau."

Mai injin ya san abin da yake gargaɗin ɗalibai kullum, cewa in faifai ya tsaya gaban fitila, zafi zai cinye shi. Duk da haka ya mayar da shi baya, ya jira waiwayen, ya sa hannu ya riƙe.

Agali ya tsaya cak a jikin bango yana dariya. Lalla ta ga tabon goshinsa, ta ga kunnuwan ubansa, ta ga abubuwan da ta hana kanta gani tun yana goye. Sai wani ɗigon baƙi ya fito a kumatunsa, ya kumbura, ya bazu. Fuskar ta narke a gabanta, bango ya koma fari fat, ɗakin ya cika da ƙauri.

Daga bayanta mai injin ya ce, "Inna, ki gahwarce ni. Sau biyu ke nan wuta na cin fuskar nan."

Lalla ta tashi a hankali. Ta nufi mai injin, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama bakin amawalinsa.

"Agali, kwance shi. Wadda ka komo da ita za ni gani."