Sarauniyar Ruwa da Ɗan Farinta

Tun da talabijin ya fara jin masu kallo, Inna Tabawa ba ta barin kuskure ya wuce. Yau a cikin fim, Sarauniyar Ruwa, gwanarta tun a littafi, ta kira ɗan farinta da sunansa.

"Sun ɓata ta," in ji Tabawa. "Ina alkunya?"

"Aljana ce fa, Inna," in ji jikarta Uwani.

"Aljana ba uwa ba ce?"

Sarauniyar ta juyo. "A gafarce ni, Inna." Ta koma kiransa "kai yaro".

Tabawa ta rangaɗa guɗa.

"Yaya ƙafar babban yaronki?" sarauniyar ta tambaya. "Jiya na ji yana ɗingishi."

"Da sauƙi, 'yar nan."

"Inna," in ji Uwani, "jiya fa ba a kawo wuta ba."

"To, ba ga zumunci ba?"