Mazurarin Turaren Jaddi

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar ina zaune a shagon kakana, Jaddi, a unguwar Kudai can ƙasa mai tsarki, yana ɗura turare a kwalabe da ɗan mazurarinsa na tagulla.

Wani alhaji ɗan Kaduna ya ƙura wa mazurarin ido. "Wannan ai bakin ƙahon busa ne! Baba, ba kai ne mai busa a ƙungiyar kiɗan fank ɗin nan ba? Har Legas kun cika fili. Da faifanku aka yi bikina."

Jaddi, da kullum da Hausa yake mana faɗa, ya amsa da Larabci wai bai gane ba. Turaren da yake ɗurawa ya malale a tebur.

Har ya rasu ban tambaye shi ba. Mazurarin yana wurina, amma ko sunan ƙungiyar ban sani ba.