Yatsan Manzo Toma

Na rasa mijina Kuriyan, na kuma rasa masa wuri a maƙabartar coci. Abin da na samu: limamai biyu suna safa da marwa a ƙofata.

Fada Itti, limamin cocinmu, shi ne ya hana. Ya ce mai haɗa giyar kwakwa da ya shekara tara bai zo ikirarin zunubi ba, makomarsa ramin 'yan iska, can lungun da ake zubar da shara. Haka aka binne shi, ba ƙararrawa, ba addu'a.

Bayan arba'in maƙwabciyata ta ga ina shafa mai a wani ɗan ƙashi da ke naɗe cikin alharini. Na naɗe abina na mayar akwati. Kafin Lahadi duk ƙauye ya ji cewa yatsan Manzo Toma, wanda ya taɓa raunin Yesu, yana akwatina.

Fada Itti ya rantse 'yan kasuwar Farisa ne suka kawo shi ta teku. Fada Skariya na cocin ƙetaren kogi ya ce ƙarya ne, Turawan Fotugal suka tono shi a kabarin Manzon a garin Mailafur, daga baya kuma aka sace shi daga hannun kakanninsa. Kowa ya zo da littafinsa da gara ta cinye. A tsakar gidana suka kusa cire wa juna gemu, ni ina kankare kwakwa.

"Rahelamma, 'yata, faɗa masa daga ina ya fito," in ji Fada Itti.

"Yau ni ce 'yarka, Fada? Ku da kuka yi karatu ku faɗa min. Ni a gidan miji na same shi."

Skariya ya taya yatsan a kan kuɗi rufi dubu biyar. Na ce ya sayi ganyen taunawa da su. Itti ya ƙara da gonar shinkafa, har da shanu biyu. Na ci gaba da kankara.

Sai da ya yi zarya bakwai na sallama masa, ko kwabo ban karɓa ba. Farashina ɗaya ne: a sa shi a akwatin azurfa a kan bagadi, kowace shekara Fada Itti ya durƙusa a gaban jama'a ya sumbaci yatsan da wuƙar tatsar giya ta datse wa Kuriyan a kan bishiyar kwakwa.