Kifin Mista Gustaf

Kwana uku kifin ya yi a jiƙe, warinsa har bakin titi a unguwar Badi'a, amma Kaltume ko fuska ba ta yatsine ba. Saura wata guda iƙamarta, takardar izinin zama, ta ƙare, kuma kifin nan ne zai sa a sabunta mata.

Ita ce mai girki a gidan baƙin wani kamfanin gine-gine a Riyad. Manaja ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: za a rufe gidan. Injiniyoyi biyu suka rage, ɗan Amurka zai koma ƙasarsu, ɗan Suwidin zai zauna, kuma shi zai zaɓi mai yi masa girki. Bai ce wane ne wane ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tambaya? Matar da ta shekara talatin da huɗu a Saudiyya, take gane ƙasar mutum daga tafiyarsa? Irinmu ba ma tambaya, an haife mu da sani.

Ai abin ma a fili yake. Mista Gustaf, dogo, gashi kamar gemun masara, da 'yar tuta mai shuɗi da rawaya a teburinsa, da ɗan dokin katako ja a taga. Bakinsa ba ya rabuwa da Suwidin: ƙauyen kakanninsa, tafkinsu, busasshen kifin da kakarsa ke jiƙawa. Har yakan tuna mata da ɗanta Uwais, haifaffen Utaiƙa a nan Riyad, wanda ya fi 'yan Kano zancen Kano.

Ɗayan kuwa Jimi ne. Wandon jins, hular hana-sallah, cingam, Turanci kamar na fim. Abu ɗaya ta yaba masa, yana cire takalmi a bakin ƙofa, Gustaf kuwa da nasa yake tattaka mata kafet. Sai dai Jimin akwai ɗan banzan naci. Kullum ƙarfe uku na rana sai ya leƙo kicin, wai a dafa kofi, a kawo ɗan abin zaƙi, ita ma ta zauna su sha.

"Yalla, barra!" Ta nuna masa ƙofa da ludayi, ta ƙara da Hausa: "Kun cinye duniya, kicin ɗina ma kuna so?"

Sai ya yi murmushi ya fita. Gobe ya dawo.

Ranar kifi, Gustaf ya ci har da hawaye. Jimi ya toshe hanci, ya yi masa wata doguwar magana da yaren da Kaltume ba ta taɓa ji ba. Gustaf ya gyaɗa kai kawai, yana dariyar yaƙe. Ita kuwa ta koma kicin tana taku ɗai-ɗai. Aiki ya zauna.

Ranar Alhamis Bashari direba ya zo ɗaukar mai tafiya. Ta tsaya a ƙofa, hannu a ƙugu, don ta ga bayan Jimi. Sai ga Gustaf da akwatuna biyu. Ya ɗora mata dokin katako a tafin hannu, ya shige mota.

"Bashari, ina kuma za ka kai shi?"

"Filin jirgi mana, Hajiya. Gida Amurka. Kakan kakansa ne ya bar Suwidin a zamanin yunwa, shi ko a mafarki bai taɓa taka ta ba." Ya tada mota, ya nuna bayanta da haɓa. "Ɗan Suwidin ɗin ga shi can a ƙofar kicin ɗinki, ƙarfe uku ta yi, lokacin kofi a ƙasarsu."