Atamfar Ajiya a Gaban Mai Hoto

Talatu ta tsaya gaban labulen mai hoto sanye da kayan aro da mai su ba ta san an ara ba, tana jin kamar duk direbobin da ke layin shingen kwastan na Jibiya sun gano ta.

Tun farkon azumi ne mijinta Sha'ibu, direban a-kori-kura a hanyar Maraɗi, ya shigo da wani ƙunshi ya ce, "Ajiya ce. Mai ita za ta karɓa da Sallah." Ba ta tambayi wace ce ba. Talatu ba ta iya tambaya. Ko rigarta ta zaman gida da ta ɓace daga igiyar shanya, gara mata ta zargi akuyar maƙwabta a zuci da ta buɗe baki. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa kayan Hajiya ne, matar mai motar da yake ja.

Tambaya ce dai ba ta iya ba, kwance ƙunshi kam ta iya. Atamfa ce ɗinkakkiya, riga da zane da ɗankwali, ja da kore, da zanen tsuntsaye suna tashi. Ta gwada, wai don ta ga tsawon Hajiya kawai. Rigar ta zauna mata ɗas.

"Ashe Hajiya ma ba ta da jiki," ta ce a ranta.

Innarta kuwa, can Tasawa a ƙasar Nijar, ba ta daina aiko da saƙo ba. Ana cewa kuɗin fetur ya cika Nijeriya, kowa ya yi rediyo da babur, to ɗiyarta fa, ta yi ƙiba ko ta lalace? Ga Zalika maƙwabciya za ta Tasawa kafin Sallah. Talatu ta tattaro ƙarfin hali ta roƙi maigida a yi mata hoto ta aika. Ya ce ta bari sai bayan Sallah. Shi ya sa da ya tafi Maraɗi, ta sa kayan Hajiya, ta lulluɓe da mayafi, ta bi Zalika.

Manu mai hoto ya dubi atamfar ya gyaɗa kai.

"Amarya, mai launi ko baƙi da fari? Mai launin, Kano nike kai shi a wanko, amma zai dawo kafin tafiyar Zalika. In ya yi kyau har guda nike mannawa a gilashi, kyauta."

Talatu ta saci kallon gilashin. Titi yake fuskanta, daidai inda Sha'ibu ke tsayawa kullum ana duba masa kaya, daidai inda Hajiya ke wucewa. Cikinsa ga hotunan mata sun sha ado, kowace launin zanenta na kiran mutum tun daga nesa. Tana son mai launin kamar ranta. A zuci ta ga Inna tana zaga gidajen Tasawa da shi. Ta kuma ga Hajiya ta tsaya cak gaban gilashi tana kallon atamfarta a jikin matar direba.

"Baƙi da fari," ta ce, murya can ƙasa.

"Ke ɗiyar nan," in ji Zalika, "wagga atamfa ki yi mata baƙi da fari? Mi ta yi miki?"

Talatu ta sunkuyar da kai. A cikinta kuwa yabon kanta take yi. Aji uku kawai ta yi a makaranta, amma ga shi ta yi dabarar da ko ɗan sanda ba zai kama ba.

Da hoton ya fito, jan da koren duk sun koma launin toka, sai ka ce zanen da ya shekara goma ana wanki. Ta ji daɗi ƙwarai. Ko Hajiya ba za ta gane kayanta ba. Bai zo mata a rai ba cewa ita ma Inna ba za ta gane sababbi ne ba.

Ta linke kayan yadda ta same su, ta ɗaure, ta miƙa wa Zalika hoton.

Ranar jajibirin Sallah Kawu Hamidu, ƙanen Inna, ya sauka daga Tasawa da fuska a murtuke, da tsofaffin zannuwa biyu da Inna ta ce a kawo wa ɗiyarta ta rufa asiri. Ya zauna kan tabarma a tsakar gida, ya ƙi taɓa ko abin buɗe-baki. Talatu na bayan labule.

"Sha'ibu, ɗiya muka ba ka, ba baiwa ba. Uwarta tun da ta ga wanga hoto take kuka. Ƙasarku na ambaliyar arziki, kai ko tsumma ka sa mata. Ka yi mini bayani, ko in koma da ita ta yi Sallah gida."

Sha'ibu ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da fitila. Ya daɗe yana kallo. A nan ne Talatu ta tuna abin da dabararta ta manta. Launi ya tafi, amma tsuntsayen suna nan, kowanne da fukafukinsa.

"Ke," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ɗauko ajiyar nan."

Ta kawo, ta durƙusa ta ajiye. A zuci tana ta haɗa kalmomin ban haƙuri gare shi da Hajiya da Kawu.

Sha'ibu ya kwance ƙunshin ya baza. Ja da kore suka haske tabarmar. Sannan ya sa hannu cikin jakarsa ta tafiya, ya zaro wata tsohuwar rigar zaman gida, ya ɗora a kai.

"Kawu, ga tsumman," ya ce, yana danne dariya. "Ga kuma rigarta da na sata a igiya don tela ya yi awo. Hoto mai launi na so a yi wa mai kayan bayan Sallah, sai ta riga ni."